Bututun mukayyif (AC na mota) ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa: gas ne, fanka ce, ko kwamfiresa?

Abu_Sumayya_Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masana mukayyif ɗin mota a taimaka mana. Camry ce 1999, mai silinda 4. Idan ana kan titin Haramain ana gudu, sanyi lafiya lau. Amma da an shigo gari an tsaya a ishara, wato danja, minti biyu ko uku, sai iska ta koma ɗumi, a riƙa jin kwamfiresa tana ƙas, ta kama ta saki. Da aka buɗe bonet, bututun ƙarfen da ke gaba zafinsa ba ya taɓuwa. Allurar zafin inji ma tana ɗan haura rabi. Sati biyu da suka wuce an ƙara mata gwangwanin gas ɗin firiyon guda. A wata warsha, wato gareji, an ce kwamfiresa ce, a wata kuma an ce a sake ƙara gas. Kafin in kashe kuɗi ina so in ji ta bakinku.

Usta_Bala_Sanaiyya:
Wa alaikumus salam. Abu Sumayya, wane bututun ka taɓa? Don guda uku ne a wurin, kowanne da zafin da ya dace da shi.

Akwai wanda ya fito daga kwamfiresa ya nufi kondensa, wato lagireton mukayyif da ke gaban lagireton inji. Wannan ko a sabuwar mota fil zafi ne da shi, digiri 70 zuwa 90 a irin ranarmu, zai ƙona ka. Aikinsa ke nan, shi ke ɗauke da zafin da aka kwaso daga cikin mota. Sai siririn nan mai kaurin fensir, wanda ya fito daga kondensa ya bi ta diraya, tulun da ke tace gas ya shanye danshi, ya shige ciki. Shi ɗumi ya kamata ya yi, kamar kofin shayin da ya ɗan huce, ka iya riƙe shi ka ƙirga goma. Na uku shi ne mai kauri, wanda ya dawo daga ciki zuwa kwamfiresa. Shi sanyi ƙalau ake so a ji, yana zufa, balle a Jidda da iska ke da danshi.

Idan na farkon ne kawai ya ƙona ka, ba ka gano komai ba tukuna. Idan siririn ne, to kondensa ba ta zubar da zafi. Idan mai kaurin ne ya yi ɗumi, wannan wata magana ce daban. Kada ka sayi kwamfiresa a kan taɓin hannu.

Abu_Sumayya_Jidda:
Siririn ne, Usta. Ko daƙiƙa biyu ba a iya riƙe shi. Mai kaurin kuma a tsaye sanyinsa sama-sama ne, ba ya zufa.

Dan_Misfala:
Fanka ce. Duk motar da ke sanyi a gudu ta ƙi a tsaye, iska ce ba ta ratsa kondensa. A gudu iskar hanya ce ke yi mata aikin fanka. Duba fankokin nan biyu kafin komai.

Maigari77:
Ni a ganina gas ne ya yi kaɗan. Gwangwani ɗaya ba ya isar Camry. A ƙara mata na biyu a gani.

Injiniya_Kabiru_Riyad:
Maigari, a'a, don Allah kada ya yi haka. Motar da gas ya yi mata kaɗan ba ta dafa siririn bututu, ƙarfin gas ɗinta faɗuwa yake yi a ɓangarorin biyu, na shiga kwamfiresa da na fita. Abin da Abu Sumayya ya kwatanta alamar ƙarfi ne ya yi yawa. Kwamfiresar da ke kamawa tana saki a tsaye, mai yiwuwa suwici na kariya ne ke yanke ta, kuma a Toyota ta wannan zamanin sai ƙarfi ya kai wajen psi 455 yake yankewa. A ɗora wani gwangwani a kan wannan, tiyo ne zai fashe.

Ga lissafin: gwangwanin da aka fi sayarwa giram 340 ne. Abu Sumayya, duba takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet ka faɗa mana giram nawa aka rubuta.

Abu_Sumayya_Jidda:
An rubuta R134a, giram 800, da ragi ko ƙarin 50.

Injiniya_Kabiru_Riyad:
To ka gani. Idan dama gas ɗin bai ragu ba, fanka ce ta sa sanyi ya ja baya, aka zo aka juye mata 340, an ɗora mata fiye da kashi 40 cikin ɗari a kan abin da take ɗauka. Gas ɗin da ya yi yawa ruwa yake zama ya cika ƙasan kondensa, sai wurin da ya rage na huce zafi ya ƙanƙance, ƙarfi ya hau.

Amma kada mu yi ta zato. A nemo geji mai agogo biyu, shuɗi na ɓangaren shiga kwamfiresa da ja na ɓangaren fita, a yi awo sau biyu.

Awon farko da sassafe, motar ta kwana, ba a tada inji ba. Allurai biyun za su tsaya wuri ɗaya, kuma wurin ya danganta da zafin gari. R134a mai kyau yana ba da psi 97 a digiri 30, 114 a digiri 35, 133 a digiri 40, wajen 154 a digiri 45. Idan abin da aka gani ya zarce wannan da 20 ko 30, iska ta shiga ko gas ɗin gauraye ne. Idan ya yi ƙasa sosai, gas ya kusa ƙarewa. A lura, wannan awon ba ya faɗin yawan gas. Muddin akwai ruwan gas a ciki, ko rabi ne ko ya yi ambaliya, lamba ɗaya za a gani.

Awo na biyu a tada inji, a riƙe totur a 1500, ƙofofi a buɗe, iskar ciki a ƙarshe, sanyi a ƙarshe, a bari ya yi minti biyar zuwa goma. Littafin Toyota ya ba da psi 21 zuwa 36 a shuɗi, 199 zuwa 228 a ja, idan iskar da ke shiga tana digiri 30 zuwa 35. A ranar da gari ya kai 42 dole ja ya haura wannan, amma ba zai kai 400 ba a motar da ke da lafiya.

Usta_Bala_Sanaiyya:
Injiniya ya yi daidai. Bari in ƙara yadda ake karanta alluran tare, don lamba ɗaya ba ta ba da labari.

Idan duka biyun sun hau, abu huɗu ake zargi: iska ba ta ratsa kondensa, gas ya yi yawa, iska ta shiga layi, ko balf ya buɗe fiye da kima. Balf shi ne bawul ɗin da ke fesa gas cikin tallaja, abin da a gida ake ce wa ibaporeta. Idan shi ne ya saki, mai kaurin zai yi zufa sharkaf, har ƙanƙara ta kama shi. Tunda naka ba ya ko zufa, a ajiye balf gefe. Idan iska ce a layi, mai kaurin ɗumi yake yi kuma za a ga kumfa na wucewa a gilashin leƙe, ƙaramin gilashin da ake ganin gas ɗin layi ta cikinsa. Idan gas ne ya yi yawa, gilashin tas yake, ba kumfa, kuma ko an kashe mukayyif ba a ganin kumfar nan da ke tasowa ta kwanta.

Kwamfiresar da ta gaji ba haka take yi ba. Ita shuɗi ya hau, ja ya sauka, su kusanci juna, misali 70 da 130, kuma da an kashe sai su haɗe nan take. Kwamfiresar da ke iya tura allura zuwa 400 ai da ƙarfinta. Wanda ya ce kwamfiresa ce ba tare da ya ɗaura geji ba, bai auna ba.

Toshewa kuma, a diraya ko a balf, shuɗi ne ke faɗuwa ƙasa har ya shiga ƙasa da sifili, kuma daidai inda ya toshe za a ji bututu ya canza daga ɗumi zuwa sanyi.

Wad_Maiurno:
Salamu alaikum jama'a. Kafin a kai ga geji akwai gwajin da ba ya cin ko riyal. A tsaya a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, mukayyif a kunne, a jira iska ta fara ɗumi, sannan a ɗauki tiyon ruwa a yayyafa wa kondensa ta gaba. Idan cikin minti ɗaya sanyi ya dawo kuma kwamfiresa ta daina saki, to matsalar a gaba take.

Sannan a leƙa tsakanin kondensa da lagireto da tocila. Wannan ratar ita ke tara ƙura, gashin tsuntsu, leda da ɓawon ganye, har su zama kamar bargo, alhali ta gaba ana ganin komai tsaf. A ƙasar da ake guguwar habub, kamar Sudan da nan, shekara biyu sun isa ta cika. A kwance ƙusoshin saman lagireto a ɗan karkato shi baya, a wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. Kada a sa injin wankin mota mai tsiri, kwantar da haƙoran kondensa yake yi, ya toshe ta gaba ɗaya.

Injiniya_Kabiru_Riyad:
Wad Maiurno, gwajin ruwa yana da amfani, sai dai ba ya raba gardama. Ko gas ne ya yi yawa, da an watsa ruwa ƙarfi zai sauka, don ruwa ya fi iska kwasar zafi nesa ba kusa ba. Abin da yake nunawa kawai shi ne kwamfiresa da balf suna aiki. Tsakanin fanka da yawan gas kuwa sai an ƙara bincike.

Ummu_Khalil:
Don Allah wata tambaya a gefe. Mota irin wannan, a ci gaba da kunna mukayyif ɗin kafin a gyara, ko a haƙura? Akwai masu kai yara makaranta, zafin nan ba a iya shiga mota babu sanyi.

Usta_Bala_Sanaiyya:
Hajiya, a kan buɗaɗɗiyar hanya a kunna, a cunkoso a kashe a sauke gilashi. Kowace yankewar nan da ake ji, ƙarfi ya kai ƙarshe ke nan. Zafin yana dafa man kwamfiresa, yana busar da robobin mahaɗa, kuma tiyon da ya shekara ashirin ba ya jure wannan kullum. Ga kuma inji: duk zafin kondensa a kan lagireto yake sauka, shi ya sa allurar ke haura rabi. Idan ta doshi ja, a kashe mukayyif nan take. Gyaran fanka kuɗi kaɗan ne, gyaran kan inji kuwa ba a magana.

Malam_Idi_Madina:
Ban ga wanda ya tambayi asalin gwangwanin da aka zuba ba. Kasuwa cike take da gas na jabu. Wani a rubuta R134a a jiki, a ciki R22 ne na mukayyif ɗin ɗaki, ko haɗin gambiza. R22 a digiri 35 yana tsayawa wajen psi 182, inda na gaskiya ke 114. Ko kaɗan aka gauraya, ja zai hau, bututu ya yi zafi, kuma yana cinye roba da tiyo. Mafi muni shi ne mai R40 a ciki, wanda ke cin alminiyon. A 2011 irinsa ya sa kwantenonin sanyi na jiragen ruwa suka fashe a Biyetnam da Brazil, har aka rasa rayuka. Saboda haka awon safen nan da Injiniya ya faɗa kada a tsallake shi. Warshar da ke da na'urar tantance gas, a ba su su gwada, minti biyu ne.

Baba_Tanko_Taif:
Tunda an taɓo gas, ku ba ni dama. Cressida 1991 da aka mayar daga tsohon gas zuwa sabo, ita ma siririn bututun zafi yake yi a tsaye. Ciwon ɗaya ne da na Abu Sumayya?

Usta_Bala_Sanaiyya:
Baba, sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Taka da R12 aka ƙera ta, gas ɗin da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina, motoci suka koma R134a tsakanin 1992 da 1995. Sabon ya fi tsohon ƙarfi a ɓangaren ja, kuma kondensar da ba don shi aka yi ta ba tana wahala da shi. Don haka ba a cika ta da nauyin da ke kan takarda, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ake zubawa. Man R12 kuma ba ya tafiya da sabon gas, sai an wanke shi an sa ester ko PAG, an canza diraya, an sa korayen robobi. Idan juye gas kawai aka yi aka ɗaura sababbin bakuna, tsohon man yana nan kwance a kondensa yana rage mata aiki.

Babbar fankarka kuma ba ta lantarki ba ce, inji ke juya ta ta hanyar kuloci mai man silikon. Idan inji ya yi zafi a kashe shi a kalle ta: ta tsaya cikin juyi ɗaya ko biyu. Idan ta ci gaba da walagigi, ko aka juya ta da hannu aka ji ba ta da nauyi, man ya tsiyaye. Tana juyawa a ido, amma ba ta jan iska.

Baba_Tanko_Taif:
Allah ya saka da alheri. Za a duba kulocin.

Maigari77:
Zancen allurar inji da ke hawa, a cire tamostat mana. A ƙasar zafi ba shi da amfani.

Dan_Misfala:
Maigari, wannan al'adar ta kashe injuna da yawa. Tamostat ɗin wannan injin a digiri 82 yake buɗewa, ya'ani a zafinmu kusan kullum a buɗe yake, ba shi ke tare ruwa ba. Kuma idan ya buɗe yana rufe wata gajeriyar hanya a bayansa. Aka cire shi, wani kason ruwan sai ya riƙa zagaye cikin inji bai je lagireto ba. Mu koma kan fanka.

Abu_Sumayya_Jidda:
Na gode ƙwarai jama'a. Ga abin da aka samu.

Da safe bayan asuba, gari na digiri 33, allurai biyu a 112. Da azahar, gari na 41, a totur 1500: shuɗi 52, ja 365. Da aka saki totur ja ya yi ta hawa har ya wuce 440, kwamfiresa ta yanke. An watsa ruwa, ya sauko 240, sanyi ya dawo. Gilashin leƙe ba kumfa. Fankoki biyun duk suna juyawa, amma a hankali, ban ji sun canza murya ba ko da allura ta kai sama. Tsakanin lagireto da kondensa akwai datti, an wanke.

Injiniya_Kabiru_Riyad:
Madalla. A digiri 33 lissafi yana ba da wajen 107, ka samu 112. Wannan bambancin geji ne ko ɗan ɗumin da ya rage a ƙarƙashin bonet. Malam Idi, ina ganin gas ɗin ba gauraye ba ne.

Malam_Idi_Madina:
R22 ya fita, na yarda. Amma 'yar iska kaɗan ba lallai ta fito a awon safe ba, sai inji ya tashi take taruwa a saman kondensa. Wanda ya zuba gwangwani, ya fitar da iskar cikin tiyonsa kafin ya buɗe? Yawancinsu ba sa yi. Ban janye zargina gaba ɗaya ba.

Usta_Bala_Sanaiyya:
Abu Sumayya, maganarka ta ƙarshe ita ce mabuɗin: fankokin ba su canza murya ba. A wannan motar gudu biyu ne da su. Da an kunna mukayyif, katawut, wato rile mai haɗa wuta da yanke ta, yana jera su a layi ɗaya su raba wutar batir, kowacce ta samu bolt 6 zuwa 7, su juya a hankali. Idan ƙarfin gas ya kai wajen psi 220, ko ruwan inji ya kai digiri 93, sai a raba su kowacce ta samu cikakkiyar wuta, a ji sun yi ruri. Taka ta kai 440 ba su yi ruri ba. Ga ciwon nan.

Yadda za a bi shi: a buɗe akwatin fis na cikin bonet, akwai katawut uku na fanka, an rubuta lambobinsu a murfi. A kunna makulli, a zare soket ɗin suwici na zafin ruwa mai tada fanka. A tsarin Toyota da an zare shi fanka za ta tashi da ƙarfi. Idan ta tashi, katawut da waya lafiya, a koma kan suwici na ƙarfin gas mai waya huɗu. Idan ba ta tashi ba, a duba fis, sannan a zaro katawut ɗaya-ɗaya a duba ƙafafunsu ko sun ƙone. A kula, ba duka ukun ne iri ɗaya ba, kada a musanya su da ka, a dubi zanen da ke jikinsu. Daga nan a sa mita a soket ɗin fanka: idan bolt 13 na zuwa amma tana juyi a kasale, gawayin injin fankar ne ya cinye.

Wani abu kuma: a sa takarda a gaban kondensa a ga ko fanka na tsotse ta. Fankar tashlih, wato wadda aka ciro daga tsohuwar mota, da aka haɗa wa waya a juye tana hura iska gaba, kuma ido ba ya ganewa.

Sani_Lantarki:
In ƙara a kan na Usta. Ƙas ɗin da ake ji ba kullum suwici ba ne. Tsohon kulocin kwamfiresa idan ratarsa ta buɗe, da ya yi zafi sai maganaɗisun ya kasa jawo shi. Ratar milimita 0.35 zuwa 0.65 ake so. Hanyar rabewa: lokacin da ta saki, a auna wayar kulocin. Akwai wuta amma bai kama ba, kuloci ne, a rage siririn zobe (washa) ɗaya a bayan farantin. Babu wuta, suwici ne ya yanke. A na Abu Sumayya tunda a 440 take saki, suwici ne, yana aikinsa. Kada wani ya ce a haɗe masa waya.

Abu_Sumayya_Jidda:
Usta, Allah ya ƙara basira. An zare soket ɗin, fanka ba ta yi ƙarfi ba. Katawut na 2 ne, ƙafarsa ɗaya ta yi baƙi, robar ta narke. An sa sabo, yanzu suna ruri. Awon yau, gari na 41: shuɗi 45, ja 300, a silo yana kai 320 ya tsaya, ba ta yankewa. Allurar inji ta koma ƙasa da rabi. An auna da bindigar awon zafi: bututun kwamfiresa 94, siririn a bakin kondensa 52, bayan diraya 46. Iskar ciki digiri 13. Siririn yanzu ana iya riƙe shi amma da ƙyar. Shi ke nan, ko da saura?

Dan_Misfala:
Halas, an gama. Tun farko fanka na ce. 300 a digiri 41, mota a tsaye, tsohuwar kondensa, ba laifi. A Makka ma da zafi ya kai 51.8 a Harami lokacin Hajjin 2024, wa zai nemi 220? A bar ta haka.

Injiniya_Kabiru_Riyad:
Ɗan Misfala, fanka ta tabbata, amma gwangwanin nan yana ciki har yanzu. A dubi fuskar gejin ja, akwai layin digiri a ciki. A psi 300 gas ɗin yana zama ruwa a wajen digiri 71. Siririn ya fito a 52. Tazarar 19 ke nan. A tsohon tsari mai diraya a waje, 5 zuwa 10 ake sa rai. Tazara mai yawa tana nufin ruwan gas ya taru a kondensa yana jiran layi. Shuɗi 45 ma ya yi sama, don a 45 tallaja tana wajen digiri 10, shi ya sa iskar ciki ta tsaya a 13 maimakon 7 ko 8. A zuƙe gas ɗin a auna a sikeli.

Wad_Maiurno:
Ni kuma lambobin diraya ne suka tsaya mini. Shiga 52, fita 46. Diraya mai lafiya shigarta da fitarta kusan ɗaya ne, bambancin digiri 1 ko 2. Digiri 6 alamar ta fara toshewa ce. Idan tun 1999 take a jiki, tsakuwar cikinta mai shan danshi ta gama aiki.

Usta_Bala_Sanaiyya:
Ku duka biyun kun dogara da bindigar awo, ita kuwa ƙarya take yi a kan alminiyon mai sheƙi, tana rage lamba, kuma siririn bututu bai cika idonta ba. Abu Sumayya, naɗa baƙin salatif a wuraren ukun, ka matso da bindigar dab, ka sake. Ko a ɗaura waya mai awon zafi ta mita a rufe ta da tsumma.

Wad Maiurno, da diraya ta toshe har haka, shuɗi ƙasa zai yi, ba 45 ba. Amma na yarda a canza ta, tunda za a buɗe layi.

Ga yadda aikin zai tafi idan za a yi shi mazbut. A zuƙe gas da inji, kada a sake shi a iska, a rubuta giram nawa ya fito da man da ya biyo shi. A canza diraya da robobinta, a shafa musu man kwamfiresa kafin a ɗaure, kuma kada a cire murfin sabuwar sai lokacin ɗaurawa, danshin Jidda take sha. A ƙara mai cc 20 saboda dirayar, da daidai wanda injin ya zuƙo. ND-OIL 8 ne, wato PAG 46. Kada a ƙara don neman lada, mai idan ya yi yawa shafe cikin bututu yake yi ya hana zafi fita. Tunda an taɓa ganin kamar gas ya ragu, a gwada yoyo da naitirojin wajen psi 150 da ruwan sabulu. Ba a sa iskar kwamfiresar taya, ba a kuma kusantar da oksijin ko da wasa. Sannan bakum, wato zuƙe iskar cikin layi, minti 30 zuwa 45, a rufe a jira minti 10 a ga allura ba ta motsa ba. Sai a zuba giram 800 a kan sikeli. Idan inji na aiki, ta shuɗi kawai ake zubawa, bawul ɗin ja a rufe gam, in ba haka ba ƙarfin zai koma cikin gwangwani ya fashe a hannu. A sa tabarau, ruwan gas ɗin a digiri 26 ƙasa da sifili yake tafasa.

Malam_Idi_Madina:
Wannan aikin zai kashe zargina ma, don bakum zai fitar da iskar idan akwai. Sai dai ba za mu san ko ita ce ba.

Sani_Lantarki:
Katawut ba ya narkewa haka kawai. Ko soket ɗin ya saki yana tartsatsi, ko wata fanka tana jan wuta fiye da kima saboda boris ɗinta ya bushe. A matse bakin soket ɗin, a sa mita mai maƙata a kan wayar kowace fanka a kwatanta. Idan ɗaya ta zarce 'yar'uwarta sosai, sabon katawut ɗin ma ba zai kai ƙarshen bazara ba.

Wad_Maiurno:
A kuma duba soson da ke toshe gefen kondensa da lagireto, da robar ƙarƙashin bamba. Idan sun zube, fanka iskar gefe take ja, har da zazzafar iskar inji da ke dawowa gaba. Kondensar Jidda kuma gishirin teku na cin haƙoranta. A shafa yatsa a layin ƙasa, idan suna marmashewa kamar busasshen ganye, ko an auna gas daidai ja ba zai sauko yadda Injiniya ke so ba.

Abu_Sumayya_Jidda:
Na sake awo da salatif: bakin kondensa 57, bayan diraya 55. Soson gefe ɗaya babu shi, layi biyu na ƙasan kondensa kuma suna marmashewa. Ranar Asabar bayan isha'i za a kai ta a zuƙe a auna, in sha Allahu.

Injiniya_Kabiru_Riyad:
Tazarar ta koma 14, har yanzu da ɗan yawa. Ka tsaya a kan sikelin da idonka ka kawo mana lambar. Ni ina sa ran za ta haura 950.

Dan_Misfala:
Ni kuma na ce ba za ta wuce 850 ba, soson nan da haƙoran ne suka riƙe ja a 300. Abu Sumayya, ka sa soson tun kafin Asabar ka sake ɗaura geji, don mu san nawa ya sauke shi kaɗai.